Makullin Ɗakin Goro

SHAFI NA 19

Bismillah, mu ɗora daga inda muka ajiye.

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wuta aka ɗauke mana a unguwa, ba ɓuya na yi ba. Shafin yau na matan kasuwar Salaga ne. Wadda ta ga kanta a ciki ta yi shiru abinta, ni dai ban ce ita ce ba.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda ake. Rafi'atu, 'yar marigayi Alhaji Sidiku, ta gama koyon aiki a Bawku wurin babban dilan kamfanin fitilu da famfunan sola. Kamfanin wakili ɗaya yake ba kowane gari, kuma ya riƙe mata gurbin Salaga zuwa ƙarshen wata. Kuɗin shiga ne babu, shi ya sa ta nemi rancen gwamnati na masu ƙananan sana'o'i. Sharaɗin ofis shi ne jami'i ya zo ya ga ɗakin ajiyarka da idonsa, ya ga kaya a ciki, kuma ɗakin ne jingina. In rancen bai fito ba, gurbin ya faɗa hannun Jamaldeen mai shago a bakin tasha, wanda tuni ya fara auna inda zai kafa allo.

Yau jami'in zai zo.

*

Ko gida Rafi'atu ba ta shiga ba. Daga tasha ta wuce ɗakin goro da jaka a kafaɗa, ƙafafu a kumbure saboda zaman mota.

Ta tarar da ƙofa a buɗe, Gwaggo Asiatu na zaune a bakinta tana taunar asuwaki. Ƙanwar mahaifinta ce, kuma ita ta shayar da ita tare da 'yarta Hikmat, don uwar Rafi'atu wurin haihuwarta ta rasu.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar Bawku. Kin rame. Albasa kawai suke ba ki a can?"

"Gwaggo, ɗakin fa?"

"Leƙa ki gani."

Rafi'atu ta duƙa ta shiga. Dole a duƙa. Kakansu ne ya gina ɗakin tun zamanin fatake, bango mai kauri, ƙofa gajera, don sanyi ya zauna kada goro ya bushe. Goro ya daɗe da barin ɗakin, sunan ne ya ƙi tashi. Duk baƙon da ya zo sai azarar ƙofar nan ta gaishe shi a goshi. Lokacin suna yara, ita da Hikmat laɓewa suke yi suna jiran ƙarar.

Ta tsaya tana kallo.

Buhunan masara har rufi. Gyaɗa, wake, garin rogo, ƙoren man kaɗe a jere, doya a kusurwa an shirya ta kamar za a loda mota. Ita kuwa da za ta tafi ba abin da ta bari a ɗakin sai yanar gizo da tsohon sikelin babanta, tun da motar doyarta ta maƙale a laka har jarin ya ruɓe.

A Salaga wannan ba ƙarya ake ce masa ba, cika ɗaki ake cewa. Yadda ake ara wa amarya kwanuka ranar da dangin miji za su zo gani, haka ake ara wa 'yar kasuwa kaya ranar da mai duba zai zo. Kowa ta kawo abin da take da shi, da yamma kowa ta ɗauki nata. Ba wadda ta taɓa jin ta yi zunubi.

"Gwaggo, duk ke kika haɗa wannan?"

"Wa kike da shi bayan ni?"

Rafi'atu ta ji ƙwalla ta taso mata. Ta fito za ta durƙusa ta yi godiya, sai idonta ya sauka a kan ƙyaure. Wani ɗan kwaɗo ne mai ƙyalli a rataye, irin na kasuwa.

"Ina kwaɗon Baba?"

"Tsatsa ta cinye shi. Na sa an cire."

"Makullin fa?"

"Yana nan. Ke da za ki karɓi baƙon gwamnati, makulli ne ya dame ki? Je ki wanke fuska, kin yi kama da wadda ta kwana a buhu."

Makullin da ake magana ba irin na aljihu ba ne. Ƙarfe ne ya kai tsawon tafin hannu, ƙirar maƙera. A gidan nan ba a san takardar ɗaki ba. Wanda ke riƙe da makulli shi ke da ɗaki. Alhaji Sidiku a ciwon ajalinsa ya damƙa shi a hannun Rafi'atu a gaban liman. Da za ta tafi Bawku ta ba Gwaggo ajiya.

Ta so ta ƙara tambaya, amma ta haɗiye. Mutumin da ya cika maka ɗaki ba ka tsare shi da tambayar kwaɗo.

*

Kafin hantsi ya ɗaga, masu kaya sun cika inuwar dalbejiyar da ke gaban ɗakin. Wai sun zo taya ta karɓar baƙo. Gaskiyar magana kowa buhunta ta zo gadi. A gaba-gaba Mma Shetu ce, 'yar Gwanja mai masara, wadda rabin abin da ke ɗakin nata ne, kuma bakinta ba ya da murfi.

Sai ga babur ya tsaya, laka har gwiwar mai shi. Dogon mutum ne siriri, da jaka a rataye. Ya cire hular kwano ya ajiye a kan madubi.

"Salamu alaikum. Dasiba."

"Naa," in ji matan a tare, suna amsa gaisuwar safiyar da ya yi musu da yaren Yendi.

"Ni ne Yussif, daga ofis na Yendi. Wane ne Madam Rafi'atu?"

Hausarsa ta Zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne.

"Ni ce. Sannu da hanya, ofisa."

"Yawwa. Mu ga sito."

Ta wuce gaba. Har ta buɗe baki za ta ce masa ya kula da kansa, kamar yadda ake gaya wa kowane baƙo.

Ba ta kai ga faɗa ba.

Tun yana taku biyu da ƙofar ya sunkuya, ya ɗora tafin hannu a kan azarar, daidai inda take da ƙusumbi, ya zura kai ya shige.

Rafi'atu ta tsaya da bakin a buɗe.

Ta waiwaya ta kalli Gwaggo. Gwaggo ta daina taunar asuwaki. Tun da mutumin ya cire hular kwano ba ta ce uffan ba, ita da ko akuya ce ta wuce sai ta tambaye ta gidansu.

A ciki Yussif bai taɓa buhu ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai ya kalli sikelin, ya kalli 'yar tagar da ke can sama, ya sauke numfashi irin na wanda ya gaji da ganin abu ɗaya.

"Madam, wannan sito, naka ne?"

"Nawa ne. Gadon mahaifina."

"Kaya fa?"

"Ga su kana gani."

"Ina gani."

Rafi'atu ta kasa riƙe tambayar da ke cinta.

"Ofisa, in tambaye ka?"

"Tambaya."

"Wa ya gaya maka ƙofar nan gajera ce?"

Ya yi ɗan murmushi, ya matso inda haske yake, ya nuna goshinsa. Wani ɗan tabo ne a saman gira, ya warke amma bai ɓace ba.

"Shi ya gaya mini da kanshi. Wannan tsaraba na Salaga ne."

"Ka taɓa zuwa nan?"

"Farkon damina. Wannan ɗaki, wannan sikeli. Har masara ma, kamar na san shi."

Daga waje muryar Mma Shetu ta taso, wai ita raɗa take yi.

"Oi! Ba wannan ne ya zo wancan karo ba? Wanda ya fasa kai, muka sa mashi man kaɗe?"

Wata ta zungure ta, amma magana ta riga ta fita.

Rafi'atu ta fito waje a hankali. Ta bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta shiga gyaran ɗankwali, waccan ta gano wani abu a farcenta, wata ta ɗaga kai tana nazarin dalbejiya. Nan ta gane duk wadda ke inuwar nan ta sani. Ita kaɗai ce baƙuwa a ƙofar ɗakin ubanta, kuma abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ta zata.

"Gwaggo, wane karo?"

Gwaggo ta tofar da asuwaki gefe.

"Ke ma kin biye wa Shetu? Ɗakunan goro nawa ne a garin nan? Duk kamarsu ɗaya. Bawan Allah ya sha hanya, ya ruɗe."

"Hajiya," in ji Yussif daga bakin ƙofa, "ina gaisuwa. Ya ƙafa? Wancan lokaci ka ce shi na ciwo."

Gwaggo ta janye ƙafar ta rufe ta da zani.

Ya zauna a kan dakali, ya jawo jakarsa, ya zura hannu can ƙasa yana lalube. Abin da ya fito da shi a naɗe yake cikin tsumma. Ya warware ya ajiye a kan gwiwarsa.

Makullin Alhaji Sidiku ne, har da jan zaren da Rafi'atu ta ɗaura masa da hannunta.

Matan da ke inuwar suka miƙo wuya suna kallo.

"Ni ban roƙa ba," in ji Yussif. "Ofis ba ya karɓa makulli. Mu hannu kawai muke so, a dangwala, shi ke nan. Na gaya ma Hajiya. Ya ce a'a, a gidansu ba a jingina da baki, wanda ya ba da ɗaki sai ya ba da makulli, in ba haka ba albarka ba ya shiga kuɗi. Ya tura mini cikin jaka da ƙarfi. Na kai Yendi, manaja ya ce mi zan yi da wannan, mu ba maƙera ba ne. Tun lokacin shi na durowa na. Da na ga Salaga, na ga sunan Alhaji Sidiku, na ce bari in taho da shi."

"Jinginar wa?" in ji Rafi'atu.

"Madam Hikmat. Mai shagon hatsi a Yendi. Ya ce a nan ne sito nashi, nan yake tara kaya kafin ya loda. An ba shi lon, rance irin wanda kake nema, shi na biya kaɗan-kaɗan."

Jama'a, kun ji. Da Gwaggo ta bi tsarin ofis ta dangwala kawai ta riƙe makulli, da yau sai a yi ta musu har la'asar. Tsoron Allah irin na gidan fatake ne ya sa ta ba da shaida a kan kanta.

Rafi'atu ta juya.

"Gwaggo."

"Na ji ki."

"Ajiya na ba ki."

"Ajiya kika ba ni, ban ce a'a ba."

"Kika kai wa gwamnati."

"Na kai. Sai me?"

Gwaggo ta gyara zama. Musu ya ƙare, yanzu kuma sai tsayuwa a kan gaskiyarta.

"Mijin Hikmat shanunsa suka mutu, kin sani. Tana zaune a gidan surukai a Yendi, ko sabulu sai ta roƙa. Ta kira ni tana kuka. Aka ce akwai rance, amma sai mai ɗaki. In ce mata me? In ce ɗakin ubana yana nan a kulle, ɓeraye na aure a ciki, amma ba zan iya ba?"

"Ɗakin ubana dai," in ji Rafi'atu.

"Kafin ya zama ubanki, ɗan ubana ne. Wa ya gina ɗakin nan? Sidiku? An taɓa raba gadon gidan nan? Don ya miƙa miki ƙarfe a gaban liman na yi shiru, sai kika ɗauka ba ni da baki?"

"Da kin gaya mini."

"Da kin yarda?"

Rafi'atu ta sunkuyar da kai.

"Kin gani," in ji Gwaggo. "Abin da na yi wa Hikmat shi na yi miki. Ƙafar nan mai ciwo da ita na zaga kasuwa wancan karo, da ita na zaga jiya. Wa na fifita? 'Ya'ya biyu, ɗaki ɗaya. Nono ma haka na raba muku, ke dama ita hagu."

"Kin san ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar rance biyu?"

"Ina zan sani? Na ɗauka gwamnati tana da yawa. Ita a Yendi, ke a Salaga. Na ce kafin su farga ta gama biya, makulli ya dawo, ba wanda ya ji. Wa ya san duk faɗin ƙasar nan ma'aikaci ɗaya gare su, kullum shi za su turo?"

"Mu biyu ne," in ji Yussif. "Ɗayan ya tafi Gambaga."

Ba wanda ya yi dariya sai wata tsohuwa a baya, ita ma ta mayar da shi tari.

Mma Shetu ce ta fara miƙewa. Tun da ta ji kalmar jingina take motsi a kan kujera.

"Ofisa, tsaya in gane. Ɗaki na jingina?"

"Na jingina."

"In ba a biya ba, gwamnati ya kulle?"

"Haka doka ya ce."

"Da abin da ke ciki?"

"Abin da na rubuta na ciki, eh."

"Ka rubuta?"

"Ban rubuta ba tukuna."

"To kar ka rubuta! Wallahi kar ka rubuta! Masara nan nawa ne, ko biya ban gama ma manoma ba!"

Ta ɗaure zani a ƙugu ta faɗa ɗakin. Ita da ta fi shekara talatin tana shiga ɗakin nan, yau sai da azara ta same ta, amma ko sosawa ba ta tsaya yi ba.

Shi ke nan, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta. Mai gyaɗa ta bi ta, mai wake ta bi mai gyaɗa. Aka shiga ƙwala wa masu motokin kira daga bakin hanya, suka zo suka jera baburansu masu ƙafa uku. Buhun da maza biyu suka shigo da shi jiya, yau mace ɗaya ke jan sa a ƙasa.

"Ku tsaya!" in ji Rafi'atu. "Don Allah Mma Shetu, ku tsaya, ba wanda zai taɓa kayanku!"

"Rafi'atu, ka yi haƙuri. Ina sonka, amma ina da yara."

"Mma Shetu!"

"Gobe in ya tafi, in kawo maka ko nawa."

Gwaggo ba ta hana kowa ba. Yussif ma bai hana ba. Ya matsa gefe don kada a take masa ƙafa, ya sayi ruwan leda a wurin mai talla, yana sha yana kallon hanya. Wata ƙwaryar man kaɗe ta fashe a bakin ƙofa, mai ita ta durƙusa ta kwashe har da ƙasa.

Kafin a kira azahar inuwar dalbejiya ta koma ta akuyoyi. Ba wanda ya rage sai su uku.

Yussif ya murƙushe ledar ya sa a aljihu.

"To. Madam, Hajiya, ni hanya na da nisa, kuma hadari na haɗuwa. Bari in faɗa yadda yake, ba ƙari."

Ya ɗaga makullin.

"Ɗaki ɗaya, suna ɗaya. In ɗaki na Madam Hikmat ne, makulli ya koma jaka na. Lon nashi ya ci gaba, ba wanda ya ji komai. Naka kuma, Madam Rafi'atu, ya mutu a nan, don ba ka da sito."

"In kuma nawa ne?"

"In naka ne, ka karɓa abinka. Ni in rubuta jingina na Madam Hikmat ba gaskiya ba ne. Ofis zai ce ya maido kuɗi duka, yanzu, ba kaɗan-kaɗan ba. In babu, a kulle shago. Hajiya da ya dangwala, za a kira shi Yendi ya yi bayani. Wani lokaci a ofis ake gamawa, wani lokaci a wurin 'yan sanda. Wannan ba hannu na ba ne."

"Ba wata hanya?"

"Da akwai, da na faɗa. Ni ma ina da uwa."

Rafi'atu ta kalli makullin. Ta tuna watannin da ta yi a Bawku tana kwana a bayan shagon mutane, tana hawa kwanon rufi da sukudireba a baki, maza na yi mata dariya har suka gaji suka daina. Ta tuna Jamaldeen, wanda da safen nan ya ɗaga mata hannu a tasha yana murmushi, ya ce, "An dawo lafiya, injiniya?" Ta tuna kuma Hikmat, wadda duk tsawon damina suna waya, tana tambayarta ya aiki, ya Bawku, ba ta taɓa ko tuntuɓe ta ambaci ɗaki ba. Wannan ne ya fi tsaya mata a wuya.

"Gwaggo, Hikmat ta san ban sani ba?"

Gwaggo ta kau da kai.

"Ta sani?"

"Ni na ce kada ta faɗa."

"Ta kuma ji maganarki."

"'Ya ta gari ce."

"Ni fa?"

Gwaggo ta juyo. A karon farko muryarta ta sauka.

"Ke mai ƙarfi ce, Rafi'atu. Tun kuna goye ke ce mai ƙwace. In wannan ya wuce ki, wani zai zo, kina da hannu kina da kai. Ita in aka kulle shagon nan, aurenta aka kulle. Ki bar masa ƙarfen ya tafi da shi. Shekara ɗaya ce ko biyu."

"Kamfani ba zai jira ni wata ɗaya ba."

"To ya tafi. Kafin sola ba mu ga hanya ba?"

"Wato in sake zama."

"Ki sake haƙuri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Nawa hannun kuwa an yanke tun farkon damina, ba a ko gaya mini ba."

Gwaggo ta dafa bango ta miƙe, ta tsaya a kan ƙafar mai ciwo.

"Ban taɓa yi miki gorin nono ba, kuma yau ma ba zan yi ba. Amma ki sani, in kika miƙa hannu, ni za a sa a mota a kai Yendi. Da tsufana. A gaban surukan 'yata."

Iska ta taso mai ƙamshin ruwa. Yussif ya kalli sama, ya kalli baburinsa. Makullin na kwance a tafin hannunsa, tsakaninsu su biyu.

Rafi'atu tana son Gwaggo, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Tana kuma jin tsoron Allah a kan matar da ta goya ta. Amma ta gaji da zama mai ƙarfin da ake ɗiba a wurinta don an san ba za ta faɗi ba.

Ta miƙa hannu.

Ta ɗauka.

Ƙarfen ya yi mata nauyi fiye da yadda ta san shi.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, ba ta yi baki ba. Ta sunkuya ta ɗauki 'yar kujerarta, ta zura silifa, ta kwance makullin sabon kwaɗon daga bakin zaninta ta ajiye a kan dakali.

"Ga na wannan ma, ki haɗa. Abincinki yana rufe a ɗakina. In kin ci, ki fitar da kayanki daga gidan kafin in dawo daga masallaci."

Ta tafi tana ɗingishi, ba ta waiwayo ba.

Rafi'atu ta bi ta da ido har ta sha kwana. Ta damƙe makullin da hannu biyu ta juyo wurin jami'in, don a gama abin da aka fara, tunda an riga an biya kuɗinsa.

"Ofisa, ka rubuta. Ɗakin nawa ne."

"Zan rubuta."

Ya miƙe, ya kaɗe wando, ya nufi ƙofar. Ya dafa azara ya sunkuya ya shiga. Ta bi bayansa.

Ɗakin ya koma yadda ta bar shi. Ƙwayar masara a warwatse a ƙasa, sawun buhu a kan daɓe, ɓawon doya guda a kusurwa. Sikelin Alhaji Sidiku na lilo shi kaɗai, wani ya buge shi garin fita.

Yussif ya juya a tsakiyar ɗakin, ya duba gabas, ya duba yamma. Ya cire murfin biro da haƙori.

"To, Madam Rafi'atu. Sito naka ne, mun gama da wannan."

Ya ɗago ya kalle ta.

"Yanzu nuna mini kayanka."